Tambaya Ta Biyar

Takardar korar Mannir tana aljihuna
ranar da aka tura mu bita.
Na buga ta, na sa hannu, na ninke ta huɗu,
kwanan wata kaɗai ya rage cikewa.

Zaure mai sanyin na'ura, can wajen Ƙofar Ƙaura,
manajoji ashirin da bakwai, kowa da makullin motarsa a kan tebur:
na gidan burodi, na gidan mai, na masu ruwan leda,
da ni, mai kula da injin casar shinkafa a hanyar Batsari.
Aka raba mana biro da littafi.
Wani ya tambayi alawus tun kafin addu'ar buɗewa.

Malama Zinatu, siririya, tabarau a karan hanci,
ta zana itace a farin allo.
Ta ce, "Ganye kuke tsinka, ku ce kun yi sara.
Matsala saiwa gare ta.
Kafin ka yanke hukunci, ce 'me ya sa?' har sau biyar,
domin gaba guda ba ta kai mai haƙa ga ruwa."
Na ce a raina, shekara tara ina manaja,
yau ake koya wa ɗan kada iyo?
Na kurɓi shayi, na haɗiye dariyar rainawa.

Kwana uku. Aka ba mu shaidar halarta,
aka ɗauki hoto, na fito ido a rufe.

Litinin na tarar da buhu goma sha ɗaya a ƙofa,
'yan Babbar Kasuwa sun dawo da su.
Na damƙi shinkafar, duk ta kakkarye kamar tsaki.
Na kira Mannir, ya zo da dusa a gira,
hannuna ya shiga aljihu,
sai na ce, bari dai in gwada wasan Malama,
ko don in samu abin ba da labari da dariyar tunawa.

Me ya sa take karyewa?
Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba injin ba ne, bushewa ta yi yawa."
Me ya sa?
"Tana kai la'asar a shanya, rana ta gama tsattsaga ta."
Me ya sa ba a kwashe da azahar?
Ya dubi ƙasa. Baba Rabe maigadi ya amsa daga inuwar darbejiya:
"Da yara shida ke kwasa, yanzu biyu,
fili kuwa bai rage girma ba."
Me ya sa suka koma biyu?
Babu wanda ya tanka.
Tattabaru kaɗai ke tsince a bakin shanya,
na ji gumi na bin ƙeyata yana gangarawa.

Ni na sallami huɗun, watan azumin bara,
da wannan biron mai jan murfi.

Saura ta biyar, ba ni da wanda zan yi wa ita.
Na shiga ofis, na rufe ƙofa, na kashe fanka.
Me ya sa, Abashe?
Don Alhaji ya duba littafin ƙarshen wata,
ya ce a gaban mutane, "Manajana akwai tattali."
Kuɗin yara huɗu na tsimi,
na zubar da buhu goma sha ɗaya da mutuncin Mannir,
na sayi yabo a farashin da ban iya lissafawa.

Malama ba ta faɗa mana ba
cewa wani lokaci in ka gama haƙa,
fuskarka za ka gani tana rawa a ƙasan ruwa.

Na yage takardar, na zuba a kwando.
Na aika Baba Rabe unguwar Ƙofar Guga ya nemo yaran,
ya ce biyu sun kama acaɓa, ba lalle su juyo ba.

Yanzu ina tsaye ƙofar gidan Alhaji, an idar da magariba,
littafin lissafi a hammata, bakina a bushe.
An ce yana cin abinci, in ɗan jira.
Ga benci, amma ƙafafuna sun ƙi zaunawa.